Kududdufin gonarmu: abin da waya ta nuna mini da abin da ta kasa

Yau ba maganar dawo da hotunan da suka goge ko rage shan data na zo da ita ba. Mutane da yawa sun yi ta tambayata me ya sa kusan shekara biyu ke nan duk ranar Asabar ba a samuna a shago, har wani abokina ya ce wai neman aure nake yi a ɓoye. To ba aure ba ne, rami ne. Rami na haƙa a gonar mahaifina don ya tara ruwan sama, ya ƙi tarawa, na sha wahala kafin ya cika, da ya cika kuma ya jawo mini wata fitinar. Akwai aikin waya a cikin labarin, shi ya sa na ga ya dace da nan. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Gona biyu Baba yake da su. Ɗaya a fadama ce kusa da kogi, can muke shinkafa da damina, in ruwa ya janye mu sa albasa da tattasai. Ɗayar a tudu take, arewa da Haɗeja, jigawa ce zalla, gero da wake da ɗan riɗi. Duk wanda yake yankin nan a watan Satumba na 2022 ba sai na ba shi labari ba. Da rana ina shago, da dare muna bakin jinga muna cika buhu da ƙasa don kada ruwa ya shigo gari. Garin ya tsira da ikon Allah, amma shinkafarmu ko kwano ɗaya ba mu ɗauka ba.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne, gonar fadama tana ƙarƙashin ruwa har iya wuya, amma ta tudu kwana goma da ɗaukewar ruwan sama ta koma rairayi kamar ba a taɓa damina ba. Ruwan da yake cinye mu ba namu ba ne, daga Kano yake zuwa, ta kogin Kano da na Challawa. Dattawa suna cewa tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin ya canza hali. Da can da rani yakan ƙafe, yanzu kusan duk shekara da ruwa a cikinsa, shi ya ba kacalla damar yin kaka-gida, ita da yashi suka toshe hanyoyin ruwa, in ya taho da yawa sai ya fantsama gonaki. Wannan ya fi ƙarfina. Amma ruwan da yake sauka a kan gonarmu ta tudu, na ce wannan kam namu ne, me zai hana mu riƙe shi?

Kuma akwai buƙata ta zahiri. Irin albasa da na tattasai ana renonsa ne tun kafin ruwan fadama ya gama janyewa, don haka a tudu muke yi. Ƙanena ne yake jigilar ruwa a jarka a kan amalanke, safe da yamma, kusan wata biyu. Rijiyar burtsatse a wannan tudun ta fi ƙarfin aljihunmu. Ga shi daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ko kana da injin ban ruwa sai ka yi tunani sau biyu kafin ka ja igiyarsa.

Ina da kuɗi da na daɗe ina tarawa don sayen na'urar raba gilashi da sikirin. Masu sana'ata sun san amfaninta, in ba ka da ita duk aikin da ya fi tsoka sai ka tura Kano. Na kwashe su ƙaf na ba leburori. Suka haƙa mini rami a kusurwar gonar da idona ya ce ita ce kwari: tsawo mita 10, faɗi mita 8, zurfi mita ɗaya da rabi, gefensa a kishingiɗe don kada ya rufta. Da na yi lissafi, zai ci wajen lita 84,000, wato duro 420 irin na lita 200. Ina ta murna.

Damina ta zo ta wuce, ramin bai taɓa kai ni gwiwa ba. In an yi ruwa da dare, da safe ka ga ɗan ruwa a ƙasa, kafin la'asar ɗin washegari sai danshi. Baba bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Sai dai in mun haɗu a gona ya ce, "Injiniya, yaya tekun naka? An fara kama kifi?" Mutanen ƙauye suka ɗauka, har yara suna kirana Injiniya mai teku.

Ni a raina na riga na yanke cewa ramin ne ya yi ƙarami, ko kuma tamfol ya kamata in shimfiɗa. Har na fara tambayar farashi. Abin da ya tsayar da ni a shago ya faru. Wata mata ta aiko ɗanta da waya, wai ba ta riƙe caji, an canza batir sau biyu a wani wuri, a sa mata na uku. Na jona ta a mita kafin in buɗe, sai na ga wutar da take ja ba ta kai ta kawo ba. Bakin caji ne ya cushe da datti, ƙafa ɗaya kuma ta saki. Na goge, na ɗana dalma, shi ke nan. Ina miƙa wa yaron wayar sai na tuna ramina. A shago ba na taɓa canza batir sai na auna abin da yake shiga. A gona kuwa na kashe duk abin da na mallaka a kan batir, ban taɓa tambayar ta ina cajin zai shigo ba.

Daga nan na koma awo. Lissafin farko kowa ya riƙe shi, don shi ne gindin komai: ruwan sama na milimita 1 in ya sauka a fili mai mita 1 tsawo mita 1 faɗi, lita 1 ne cif. Yankinmu yana samun wajen milimita 600 a shekara, wata shekarar ya fi, wata ya gaza. Bakin ramina murabba'in mita 80 ne. Ke nan in ramin zai dogara da abin da ya faɗo cikinsa kai tsaye, lita 48,000 zai samu a duk tsawon damina, a rarrabe cikin wata huɗu, rana tana sha ƙasa tana sha. Ba zai taɓa cika ba ko da siminti na yi shi. Dole ruwa ya gangaro masa daga wani fili.

Ni da na ɗauka gonar ce za ta ba shi, tunda ta fi hekta ɗaya kuma tana samansa. Amma jigawa ba ta ba da ruwa, shanyewa take. Ga kunyoyin gero kuma kowace tana tare nata. Sai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya sannan ka ga wani abu ya motsa a kanta. Gonar tana yin abin da ya kamata gona ta yi, ni ne na sa mata ran abin da ba nata ba.

Wajen auna ruwan sama ba na buƙatar manhaja. Manhajojin yanayi da ke waya hasashe suke yi na yanki mai faɗi, sau nawa wayata ta ce ana ruwa a Haɗeja ina tsaye cikin rana. Gwangwanin tumatir babba na samu, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, na kafa shi a kan turke nesa da bishiya. Bayan kowane ruwa ƙanena ya tsoma rula ya turo mini hoton ta WhatsApp. Zurfin ruwan cikin gwangwanin shi ne milimitar da aka yi. Kyawun hoton shi ne yana ɗauke da rana da lokaci, ba sai ka nemi littafi ba.

Inda waya ta yi mini babban aiki shi ne Google Earth. Ka sauke ta daga Play Store, ka nemo garinku, ka bi hanya da yatsa har gonarku. In ba ka gane gonar daga sama, ka je can ka kunna GPS, ɗigon shuɗi zai nuna inda kake tsaye. Da na kalli tamu daga sama, sai ga wani farin tabo a arewa maso yamma, tsakanin gonar da burtali. Na san shi sarai. Faƙo ne, wurin da ƙasa ta daskare kamar siminti, ko ƙaya da ƙyar take fitowa. Tun ina yaro nake jin Baba yana tsakin wurin nan, yana cewa rabon da ya samu a gado har da kason da ba ya haifuwa. A hoton kuma ana ganin wani siririn layi mai duhu ya fito daga faƙon ya bi gefen burtali ya yi gabas. Hanyar ruwa ce. Ta wuce ramina da tazarar kusan mita 40, ko kallonsa ba ta yi ba.

A cikin manhajar akwai alamar rula. In ka taɓa ta, sai ka riƙa ajiye ɗigo a gefen filin kana zagayawa har ka dawo inda ka fara, ta ba ka girmansa. Faƙonmu ya ba ni kusan murabba'in mita 1,800. Ruwan milimita 25 a kansa lita 45,000 ke nan. Ko rabi ne ya gangara, ya fi kwatan ramina a ruwa guda. Na kwana ina juya wannan lissafin. A kwamfutar shago, wadda nake yi wa wayoyi filashin da ita, na buɗe Google Earth Pro, akwai alamar agogo da take nuna hotunan shekarun baya. Layin nan yana nan a wuri ɗaya a duk hoton da na iya gani. Wato shekara da shekaru ruwan yana wucewa ta gabanmu.

Sai kuma inda waya ta yaudare ni, kuma ina roƙon ku kada ku maimaita. Ina so in san ko faƙon ya fi ramin tudu, da nawa. Na sauke manhajar da take nuna tsayin wuri daga teku. Na tsaya a faƙo ta ba ni lamba, na je bakin rami ta ba ni wata, na dawo faƙon ta ba ni ta uku da ta bambanta da ta farko da mita 6. Ina tsaye wuri ɗaya lambar tana hawa tana sauka. GPS na waya yana da dama-dama wajen nuna inda kake, amma wajen tsayi kuskurensa mitoci ne, ni kuwa santimita nake nema. Lambar tsayi da Google Earth take nunawa ita ma ba ta ƙaramar gona ba ce, a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin tamu ba za ta raba maka tudu da kwari ba. Manhajar lebur mai ɗigon iska kuma tana aiki a kan tebur ko katako, ba a kan mita 60 ba.

Wani birkila da nake gyara wa waya shi ya yi mini dariya ya ce in sayi tiyo. Farin tiyo siriri wanda ake ganin cikinsa, mita 15, irin wanda suke daidaita gini da shi. Ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska ko ɗaya, in akwai zai yi maka ƙarya. Ni na ɗiga ɗan zoɓo don a riƙa gani da kyau. Ka sami sanda biyu miƙaƙƙu masu tsawo ɗaya, ka zana musu santimita daga ƙasa zuwa sama, ka ɗaure bakin tiyon ɗaya a kowace. Mutum biyu su tsaya da tazarar mita 10, kowa ya kafa sandarsa a tsaye ya karanta inda ruwa ya tsaya. Wanda lambarsa ta fi yawa shi ne a kwari, bambancin lambobin biyu shi ne gangarar. Haka muka yi ta tafiya ni da ƙanena, mita goma-goma, ina rubutawa a waya. Tiyon da bai kai kuɗin datar wata ɗaya ba ya gaya mini abin da wayar dubu ɗari da wani abu ta kasa: gindin faƙon ya fi bakin ramin tudu da kusan santimita 45. Ya isa.

Da ruwan farko na 2024 ya sauka na je da kaina don in gani da ido. Na sa waya a leda mai kauri na ɗaure, na ɗauki bidiyon yadda ruwa yake tashi a faƙon. Gwangwani bai kai milimita 8 ba ya fara sheƙi yana gudu, alhali jigawar da ke gefensa ko alamar kwanciyar ruwa babu. Bidiyon ya yi amfani sosai, don washegari na bi shi ina kafa turaku a daidai inda ruwan yake haɗuwa. Amma in ana tsawa kada ka tsaya a fili da sunan ɗaukar hoto, ka jira ta lafa, ko ka je da sassafe ka bi layin tarkacen kara da kashin awaki da ruwa ya jera, shi ma yana nuna hanya. Af, tunda maganar ta zo: in wayarka ta jiƙe, kashe ta nan take, kada ka jona caji, ka kawo a buɗe a busar. Maganar a binne ta cikin shinkafa ba ta hana tsatsa cin fanel. Mu nan da muke noman shinkafar da ta yi aiki da mun fi kowa sani.

Aikin kansa ba shi da wata gwaninta, ƙarfi ne. Mun ja 'yar jinga a gindin faƙon, tsayinta bai wuce gwiwa ba, ta tare ruwan da yake tafiya burtali. Daga nan muka yanki magudana mai faɗi marar zurfi, tsawon mita 60, zuwa ramin. Gangarar da na ba ta santimita 5 ce a kowace mita 10, wato 30 gaba ɗaya. In ta fi haka tsaye ruwa zai yi gudu ya ci ƙasa, in ta gaza ya kwanta ya ajiye yashi ya toshe. Kowane turke sai da muka sa masa tiyo.

Faƙon ma mun gyara shi, kuma nan ne muka yi gardama da Baba. Shi a ganinsa in za a taɓa wurin, to a farfasa shi a zuba taki ko a samu ya dawo gona, kamar yadda ake yi a Nijar wajajen Tawa, inda suke haƙa ramukan tassa da rabin wata a kan irin wannan ƙasa har ta ba da gero. Gaskiyarsa ce, hanya ce mai kyau. Amma ni akasin haka nake so. Na nuna masa wani bidiyo na manoman yammacin Ostareliya, su da gangan suke ƙirƙirar faƙo: su kawo gireda ta jera ƙasa tudu-tudu kamar tituna a gefen juna, a danne da abin daɓe, don ko ɗan yayyafi aka yi ya gangara tafkin gona. Baba ya kalla har ƙarshe ya ce, "To, su da kuɗinsu suke yin abin da Allah ya ba mu kyauta muna tsaki." Ya bar ni. Muka cike 'yan ramukan da ruwa yake kwanciya a ciki, muka cire ciyawar da ta fito jefi-jefi, muka daɓe wuraren da suka yi laushi bayan yayyafi, lokacin ƙasa tana da ɗan danshi.

Duk bidiyon da za ka kalla na Indiya ko Kenya za ka ga suna jera duwatsu a mashigar ruwa. Wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san dutse baƙo ne a nan, sai an sayo an kawo a tifa. Da buhunan ƙasa da fasassun bulo muka yi namu, muka dasa jema a gefe don saiwarta ta riƙe ƙasa. Kafin ruwa ya shiga babban ramin kuma akwai ƙaramin rami, mita 2 da mita 2, zurfin ƙugu. Ruwa ya fara faɗawa nan ya huce, yashi ya kwanta, sannan ya tsallaka. Sau uku muka kwashe shi a damina ɗaya. Da babu shi duk wannan yashin a cikin tekun nawa zai zauna.

Sauran yoyo. Yadda za ka gane ko rana ce take shan ruwanka ko ƙasa: ka kafa sanda mai zane a cikin ramin, ka ajiye baho cike da ruwa a gefe inda dabba ba za ta sha ba, kullum da safe ka ɗauki hoton duka biyun. Abin da baho ya rasa rana da iska ne. Abin da rami ya rasa fiye da haka ƙasa ce. Namu da farko baho yana sauka ƙasa da santimita 1, rami yana sauka fiye da 10. Muka yi jigilar laka daga fadama a amalanke, muka shimfiɗa kaurin taƙi guda a ƙasa da gefe, muka jiƙa, muka sa shanun huɗa suka yi ta zagaye a ciki suna tattakawa. Wannan dabarar ta Baba ce, ba a intanet na gani ba.

Cikin watan Agusta ramin ya cika taf. Na tsaya a bakinsa na ɗauki hoto ya fi talatin. Ranar Baba bai ce Injiniya ba, sunana ya kira.

Kwana tara bayan nan aka yi ruwan dare mai ƙarfi, kun dai tuna yadda Agustan 2024 ta kasance a Jigawa. Da asuba ƙanena ya kira ni muryarsa tana rawa. Ramin ya tumbatsa, ruwa ya haura ta gefen kudu inda bakin ya fi ƙasa, ya yanke shi, ya faɗa gonar maƙwabcinmu. Dattijo ne sa'an Baba, Baffa nake ce masa, tare suka yi makarantar allo. Da na isa na tarar da kwazazzabo ya ratsa tsakiyar geronsa da ya fara fitar da kai, faɗinsa ya fi mita ɗaya, wake duk a binne. Yana tsaye da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, sannan ya ce, "Ɗan nan, shekara arba'in ruwan nan yana wucewa bai taɓa shiga gonata ba. Wa ya nuna masa hanya?"

Ba ni da amsa, don ni ne. Kuma lissafin yana cikin wayata tun farko, ban dai ƙarasa shi ba. Faƙo mai murabba'in mita 1,800 a daminar milimita 600 yana karɓar sama da lita miliyan ɗaya. Ko kashi ɗaya cikin uku ne ya gangaro, ya cika ramina sau huɗu. Na yi wata da watanni ina lissafin yadda zai cika, ban zauna minti biyar na tambayi ina sauran zai tafi ba. Ruwan da da yake bin burtali a baje, ni na tattara shi wuri ɗaya na ɗora a saman gonar mutum.

Magana ta je gaban Bulama. Ni ban ce komai ba sai "Ranka ya daɗe, laifina ne." Aka yanke mu cike kwazazzabon, in kaka ta yi kuma a ba Baffa dami shida na gero. Daga rumbun Baba za su fita, a shekarar da kowa ya san yadda hatsi ya yi tsada. A hanyar komawa gida Baba yana gaba ina baya, bai juyo ba. Kwana uku in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Wallahi asarar kuɗin na'urar ba ta taɓa ni kamar kwana ukun nan ba.

Gyaran bai ɗauke mu mako ba, abin da ya kamata in fara yi ne tun kafin magudana. Mun yanka mafita a gefen gabas, a ƙasar da ba a taɓa haƙawa ba, ba a kan tulin ƙasar da aka zuba ba. Faɗinta mita 3, ta fi sauran bakin ramin ƙasa da santimita 30, tiyo ne ya tabbatar. Muka shimfiɗa mata buhuna, ta mayar da rarar ruwa burtali inda yake bi tun asali. A can sama kuma, inda jinga ta haɗu da magudana, na bar wata 'yar ƙofa da buhu uku. In rami ya cika sai a ɗauke buhunan a toshe magudanar da su, ruwa ya bi tsohuwar hanyarsa tun daga can. Da kaka muka kai dami shidan. Baffa ya ɗauki uku ya ce a mayar da sauran, amma yana so a bar jikansa ya riƙa ɗiban ruwa don nasa renon albasar. Baba ya ce ai ko bai tambaya ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka noman rani zai yi da irin ramin nan. Ba zai yi ba. Bayan laka, ruwan yana sauka santimita 1 da ɗan wani abu a rana ko ba a taɓa shi ba, in hunturu ya kama da iskarsa ya fi haka. Daga ƙarshen Satumba yana kai mu farkon Janairu, sai laka. Abin da ya yi mana shi ne renon iri ba tare da amalanke ba, shayar da shanu biyu da 'yan awaki, da kuma ceton fegin tattasai lokacin da ruwa ya yi fashin kwana goma sha a tsakiyar damina. Mun kewaye shi da shingen ƙaya mai ƙofa ɗaya saboda yara, mita ɗaya da rabi ya isa ya ci yaro. Ba a wanka a ciki, ba a sha, don tsargiya ba baƙuwa ba ce a yankin nan.

Kuskuren da har yanzu ban gyara ba shi ne siffar ramin. Rana daga sama take sha, don haka rami mai faɗi marar zurfi asara ne. Da na sani da na rage faɗi na ƙara zurfi. Bana in ya ƙafe muna so mu ƙara masa mita ɗaya, wanda yake nufin kwashe lakar gaba ɗaya a ajiye gefe, a haƙa, a sake shimfiɗawa, a sake kawo shanu. Na'urar raba gilashin dai har yau ban saya ba, aikin sikirin mai lanƙwasa Kano nake turawa. Wanda zai kawo gyara ya zo Litinin zuwa Juma'a. Ranar Asabar yarona kawai za ka samu, caji da manna gilashi ya iya, kada ka bar masa fanel.